Kahin Mota Ta Kai Mararraba

Assalamu alaikum, Sama'ila, autana.

Ina gaishe ka, ko da shike bango ɗaya ke tsakaninmu yanzun ga, kana zaure kana wankin takalmi, ina jin ka. Allah shi tsare min kai gaba da baya. Allah shi raba ka da sharrin hanya da na masu tare hanya, shi sauke ka inda alherinka shike.

Ni ce Innarka ke magana, Luba maƙwabciyarmu ke rubutawa. Na ce mata ta sa yadda nike hwaɗi, kada ta gyara min baki ta maida shi na masu labarai a rediyo, don in ka karanta ka ji ni ce. Gobe da sahe a tasha zan ba ka takardar ga da hannuna. Kada ka cusa ta aljihu ka ce sai ka isa. Ka buɗe ta nan take. Mota nan tasharmu ta Bukkuyum ba ta cika da wuri, kana da lokaci. So nike ka gama ta kahin ku kai mararraba, inda hanya tar rabu, yamma Gummi wurin makarantarka, gabas Anka wurin ramukan zinari.

Jiya da hantsi kana wurin aski, nib buɗe jakarka in sa maka ƙuli da yaji da garin kunu. Ba bincike nish shiga yi ba, Allah shina gani. Sai hannuna yat taɓa tocila, irin mai igiya da ake ɗaurawa ga goshi. Ƙarƙashinta ga 'yar guduma. Littahi ko ɗaya babu. Littattahanka can nis same su bayan randa, cikin buhun taki. Sama'ila, ni ban san baƙi ko ɗaya ba, amma na san tocilar ga. Ba karatu ake yi da ita ba, rami ake shiga da ita. Littattahan na kakkaɓe na maida maka cikin jaka. Tocilar ban ɗauke ba, don in na ɗauke wata za ka samu.

Kuma ba makauniya ce ni ba. Sau uku ina ganin abokinka Mudi ƙohwar gida bisa sabon babur, shina danna ham kamar an aiko shi tada matattu. Ran nan yac ce min, "Inna, ya ƙarhin jiki?" Nic ce, "Jiki da sauƙi, Mudi, kunne ne kak kashe min." Yay yi dariya yac ce, "Inna, ki ba ni aron Sama'ila wata biyu, wallahi ke ma sai kin hau naki babur." Nic ce, "In hau in tahi ina, lahira?" Munka yi dariya ni da shi.

Na kuma tuna ranar da takardar sakamakonka taz zo, anka ce sai ka maimaita aji biyat. Kaz zauna bakin murhu kac ce, "Inna, kaina ba shi ɗauka. Yaran da nike aike su ɗebo min ruwa, su zan zauna benci ɗaya da su." Ni kuma mi nic ce maka? Nic ce ka ci tuwonka kada shi huce. Iyakar abin da uwarka tas samu ta ce ke nan.

To yau zan ce sauran. Ɗiya uku nis sa sakandare. Biyu sun hita ba su gama ba, kuma dut biyun da hannuna ciki. Kai ne na uku, kai ma da hannuna ciki, ta wata hanya da ba ka sani ba. Bari in hwara da mai sauƙi.

Yayarka Hassi tana aji huɗu nan cikin gari, tana zuwa tana dawowa. Shekarar nan wake ya yi, ya yi har muna tsoron shi hwashe a gona, ga shi an kusa sakin dabbobi. Babanku, Allah shi jiƙanai, shina kwance da ciwon ƙahwa. Nic ce, "Hassi, ki ba ni sati ɗaya, mu yi roron waken ga." Tac ce, "Inna, muna da gwaji ran Laraba." Nic ce, "Gwajin ne za shi cika miki rumbu?" Taɗ ɗauki kwando.

Sati ɗaya yaz zama biyu, don bayan roro akwai bugu, bayan bugu akwai sheƙa. Sai kuma nig ga yarinyar tana da bakin ciniki, in ta zauna kasuwa kahin azahar ta tashi. Nic ce to ranar kasuwar ga kaɗai. Sai mai bi mata. Koyaushe in ta ɗauko hijabin makaranta sai in ce, "Bari dai sai Litinin." Har wata guda da kwanaki.

Ranar da tak koma, malam yat tada ta gaban allo shi ga inda tat tsaya. An wuce ta nesa, tana riƙe da alli ba ta san ta ina za ta kama ba. Sai wata daga baya tac ce, "Hassi, yau babu wake?" Aji yak kwashe da dariya. Tad dawo gida tun kahin a tashi, tan ninke kayan makarantar, tas sa su can ƙasan adaka. Ina tsaye ina kallonta. Ka san abin da nij ji a raina? Sanyi nij ji. Nic ce na samu hannu. Ga gaskiyar, Luba, ki rubuta ta haka.

Bara nir raka ta asibiti da ɗanta ba shi da lahiya. Mai hwararen kaya da taz zo duba shi tal leƙa huskarta tac ce, "La! Hassi! Ke ce? Ina kinka shige?" Ashe Rabi ce, wadda suke zama benci ɗaya. Hassi tac ce, "Ina nan." Tana ta jan mayahi tana ruhe ƙahwahunta. Munka hito munka kama hanya har munka kusa gida. Sai tac ce, "Inna, wagga ni ke koya mata lissahi." Ba ta ƙara ba.

Abin da nike so ka gane, ba wanda ke barin makaranta rana ɗaya. Ba wanda ke tashi shi ce yau na bari har abada. Da sati ɗaya ake hwarawa. Wata biyun da Mudi ke hwaɗa maka, shi ne sati ɗayan da nih hwaɗa ma Hassi, babu bambanci. Za ka ce in je in samo na sabulu in dawo. In ka dawo an wuce ka, kunya ta hana ka shiga, shi ke nan. Dariyar yara kuwa kwana biyu ce. Da ranar nan na kama hannun Hassi na maida ta da sahe, da sun yi dariyarsu sun gaji, sun samu wani sun koma kanai. Yaran da kake jin kunyar zama da su, ka zauna. Su ce maka Baba, su ce maka tsohon aji, ka ce na'am, ka buɗe littahinka. Ba a mutuwa da wanga.

Na biyu ya hi nauyi.

Babban yayanku, ɗana na hwari. Ka san al'adarmu. Mu haka anka tashe mu, mu da maƙwabtanmu na ruga: uwa ba ta kiran sunan ɗan hwari, ba ta kallonai cikin mutane, ba ta nuna ta san da shi. Ni har nono sai kakarku Iya Ige ta yi min tsawa nike ba shi. Kuma ana yabona. A ce, "Kai, matar ga akwai kunya." Ni kuma kaina shi ƙara girma.

Shina aji biyat a makarantar kwana can Anka, lokacin muna ƙauye kusa da Tungar Guru, ba mu taso nan ba. Yaz zo hutu, ya iske zinari ya hito. Samarin gari dut sun watse, wanda jiya ba shi da silihwas yau ga shi da waya da agogo. Sai yaron ga yaz zo da sahe yad durƙusa bakin ƙohwar ɗakina. Bai ce komi ba, ni ma ban ce ba. Washegari yas sake. Rana ta uku mata sun cika tsakar gida ana sussuka, Iya Ige na zaune bisa tabarma. Yad durƙusa yac ce, "Inna, yara na tahiya Bagega haƙar zinari. Sun ce in zo mu tahi."

Sai yaj jira.

Na ji shi sarai. Zuciyata na cewa ki ce mai a'a, ki ce mai shekara ɗaya tar rage maka. Sai wata cikin matan tac ce, "Ke, ɗanki na magana." Dut sunka juyo suna kallona, su ga ko zan yi abin kunya. Niɗ ɗauki tulu nic ce, "Wa ke da ɗa? Ku ce ma wancan shi tashi min daga hanya, ruwa za ni." Mata sunka yi shewa. Iya Ige tac ce, "Haka ake so." Shi ma yay yi 'yar dariya, yat tashi, yak kakkaɓe gwiwatai. Kahin la'asar ya tahi.

Shekara biyat ko shida shina cikin ramukan ga. Wata damina rami yar ruhta da su. Kana da wayo lokacin, ka tuna mutane cike da zaure. Bayan an yi bakwai Hassi tac ce min, "Inna, akwai maganar da Yaya yab bar min, ban san ko in hwaɗa ba." Nic ce hwaɗi. Tac ce, ranar da za shi tahi ya ce mata, "Na ba Inna kwana uku. Da ta ce ko uhm, da makaranta zan koma."

Luba, bar share ido, ba kuka nik kira ki ba. Rubuta sunanai. Lawali. Ga shi na hwaɗa. Tun da nih haihe shi bakina bai taɓa kamawa ba sai yau, yau ɗin ma ba shi ji.

Kunyar da anka yabe ni da ita, ga abin da tas saya min. Don haka kai ba zan yi maka kara ba, ba zan yi maka zagaye ba. Kada ka tahi rami. Ban yarda ba. Ban lamunta ba, ko na wata biyu, ko na kwana biyu. In wani ya tambaye ka, ka ce uwarka ta hana.

Kuma ramin yanzu ba irin na lokacin Lawali ba ne. Wancan ƙasa kaɗai ake tsoro. Yanzu ramuka da yawa suna da masu su, mutanen daji, kuma ba su da alƙali sai bindiga. Yaro in ya shiga, yau haƙa za shi yi musu, gobe su aike shi sayen mai da burodi, jibi su tambaye shi wane gida ne ke da shanu a garinku. In ya ƙi, ka san sauran. In ya yarda, ya zama nasu, ba shi da huskar dawowa. Ka tambayi Mudi, dajin da mai kaya ba shi bi sai da rakiya, shi ƙaƙa shike ratsa shi bisa babur shi kaɗai ba a taɓa shi? Ka tambaye shi, ka kalli idonai lokacin da shike ba ka amsa. Ni ban ce ya yi komi ba. Na dai ce ka tambaya.

Saura na uku. Wanga ko Luba ba ta sani ba, ko Hassi. Babanku ya koma ga Allah bai sani ba. Tun jiya nike juya shi, in ce a rubuta, in ce a bari.

Ka ce kanka ba shi ɗauka. To bari in hwaɗa maka abin da yas samu kan.

Da Lawali yah hwara haƙa, buhu-buhu shike kawo dutse gida. Ba mu kaɗai ba, kowane gida haka. Maza su kawo, mu mata mu hwasa, mu daka a turmi, a kai inji a niƙe, mu shanya bisa tabarma tsakar gida. Turmin da nike daka gero shi nike daka dutse, in ɗauraye ko kada in ɗauraye. Ƙura ko'ina, bisa randa, bisa kwano, cikin gashin kai. Kai kana rarrahe lokacin, komi kas samu baki. Ba mu ɗauke shi komi ba. Ƙasa ce, wa ke tsoron ƙasa?

Sai yara sunka hwara. Amai, zazzaɓi, sai jijjiga, yaro shi sanƙare ido shi juye. Munka ce iska ce. Anka yi hayaƙi, anka sha rubutu, anka yi sadaka. Ba ta tsaya ba. Akwai satin da in ka ji kuka ba ka tambayar mi yah hwaru, sai dai ka ce gidan wa. Daga baya likitoci sunka zo, har da Turawa, sunka ɗebi jinin yara, sunka ce gubar dalma ce, cikin dutsen take. Kana cikin waɗanda anka kwasa zuwa asibiti nan Bukkuyum. Munka yi makonni ana ba ka magani, kas samu sauƙi. Kahin mu koma an kankare ƙasar gidajenmu an kwashe, an zuba sabuwa. Maigari yas sa anka yi shela, kada wanda yas sake shigo da dutse cikin gari.

Har nan laihina irin na kowa ne, ba mu sani ba. Abin da yab biyo baya nawa ne ni kaɗai.

Akwai rabin buhu da nit tura ƙarƙashin gado tun kahin a zo kwashe ƙasa. Lawali ya ce min dutsen ga mai kyau ne, irinai ba a samu kullum. Kullum in na yi shara sai tsintsiya ta taɓa shi. Nic ce yanzu wanga zubarwa za a yi? Akuya nike so in saya, akuya kawai, Sama'ila. Nic ce sau ɗaya ne, daga shi na bari.

Na san in an ji ni za a kai ƙara. Sai nij jira la'asar, lokacin da kowace mace ke dakan tuwo, gari dut ya ɗauki ƙarar taɓare, ba mai gane wanga gero ne wanga dutse. Nish shigar da ƙaramin turmi ɗaki, nij ja ƙohwa. Kai kuma in na bar ka waje za ka yi kuka, wata ta ɗauko ka ta shigo min da kai ta gani. Sai niz zaunar da kai gehen gado, nib ba ka ludayi kana wasa.

Kwana huɗu ina yi. Akwai 'yar taga ɗakin, rana na shigowa ta nan. In na daka sai ƙurar ta tashi ta bi hasken tana ƙyalli. Kai kuma ka miƙa hannu kana son kamawa, kana dariya, haƙoranka biyu a waje. Ni ma ina yi maka dariya. Wallahi har yau in na ga rana ta shigo ta taga sai na kau da kai.

Ba a yi sati biyu ba kas sake sanƙarewa a bayana, ina hanyar rijiya.

Da munka koma asibiti sunka sake ɗibar jini. Likitar, wata doguwar mata, tad dubi takarda, tad dube ni, tad daɗe. Mai yi mata tahinta yac ce, "Inna, an ce a tambaye ki, an sake daka dutse a gida?" Nic ce a'a. Yac ce, "Ki tuna dai." Nir rantse da Allah. Kana kwance tsakaninmu an ɗaura maka ruwa, nir rantse. Matar ba ta yi min gardama ba. Ranar da za a sallame mu tas sa anka kira ni. Tac ce yaron ga in Allah ya so za shi rayu, amma mai yiwuwa karatu shi yi mai nauyi, shi riƙa ɗauka a hankali. Tac ce kada a buge shi, a yi haƙuri da shi, a bar shi makaranta iyakar iyawa. Kuma kada shi sake kusantar ƙurar ga har abada.

Da munka iso gida babanku yac ce, "Mi sunka ce?" Nic ce, "Sun ce ya warke."

Sauran ka san shi, a jikinka anka yi. Kana firamare, a ba ka karatu, yaran maƙwabta su haddace kai kana layin hwarko. Babanku shi karyo tsumagiya. Ni kuma maimakon in tare, ni ke cewa daƙiƙi. Na hi kowa ɗaga murya. Ka tuna ranar da nic ce maka ko jakin maƙwabcinmu Malam Dahiru ya hi ka kai, har yara sunka riƙa kiranka da shi? Ina hwaɗi da ƙarhi ne don kada kowa shi juyo shi kalle ni. Kana kuka kana cewa, "Inna, wallahi ina yi, gudu shike min." Na san gaskiya kake hwaɗi. Ni kaɗai a duniya nis san gaskiya kake hwaɗi.

To ka ji. Kai ba daƙiƙi ba ne, ba kuma rago ba. Kaya anka ɗora maka tun ba ka iya tahiya ba, kuma ni niɗ ɗora. Da kayan ga bisa kanka kag gama firamare, kag gama aji uku, kak kai aji biyat. Yaran da sunka wuce ka ba su ɗauke da komi. Waɗanda kunka kwanta asibiti tare, wasu ba su tashi ba, wasu sun tashi ba su san sunansu ba. Kai ga ka kana karanta takardar ga da kanka.

Kuma na lura da kai, ko ban hwaɗa ba. Abu shina daɗewa bai shiga kanka ba, amma in ya shiga ba shi hita. Maganin hawan jinina, sau ɗaya anka yi maka bayani a kemis kas sa anka maimaita maka sau uku, har mai kemis yaj ji haushi. Yau shekara biyu, in dai kana gida, ba ka taɓa rikita min na sahe da na yamma ba.

Ban zauna haka nan ba. Jiya da la'asar na sa Luba ta kira min kawunka Bello, wanda kake zaune gidanai a Gummi. Nic ce shi tahi wurin malamin ajinku. Ya tahi yau da sahe. Malamin ya ce, "Sama'ila ba shi rubuta shirme. Abin da yar rubuta daidai ne, lokaci ne ke ƙare mai, rabin takarda na nan hwari." Ya ce ka dawo benci na gaba, ka bar ɓuya can baya wurin dogaye. Ya ce in an tashi ka riƙa tsayawa, za shi sake bi da kai. In ka ga dama ka hwaɗa mai abin da nih hwaɗa maka, in ba ka so ka bari. Labarinka ne yanzu.

Kawun naka kuma na wanke shi tas. Nic ce, "Bello, ɗalibi nib ba ka ko yaron shago? Yaro shi dawo makaranta ka tsaida shi awon shinkahwa har magariba, yaushe za shi buɗe littahi?" Yac ce, "Yaya, kin hwara ke nan. Ai koyon ciniki ma karatu ne." Nic ce, "To ka ciro naka ɗiyan daga makaranta su zo su koya." Sai yac ce, "An bari, Yaya, an bari." In ya sake tsaida ka, ka kira ni. Na goya shi, bai hi ƙarhina ba.

Ba zan yi maka ƙarya ba, na gaji da ita. Ban ce takarda za ta ba ka mota ba. Ga masu takarda nan tasha suna kabu-kabu, ina ganin su. Mai yiwuwa ka maimaita ajin ga ka sha wuya, jarabawar ƙarshe ta zo ka ci wasu ka hwaɗi wasu. Dut na yarda. Abin da nike so, ka kai ƙarshe, ka hito ta ƙohwar da ake hitowa, da ƙahwarka, da numhwashinka. Bayan nan in gyaran waya kake so, ko noma, ko mi, ni mai sa albarka ce. Amma ƙurar ga ta riga ta ci rabonta a jikinka. Ba ka da sauran abin ba ta.

Na san in ka kai nan za ka ji zahina. Ka ji, hakkinka ne. Ban ce ka yahe min yau ba. In an yi hutu ka zo ka zauna gabana ka hwaɗa min dut abin da ke ranka, ko mi zahinai, ba zan ce maka ka ci tuwo ba, zan saurara. In ka ga ba ka iya kallona, ka yi hutunka gidan Hassi, ba zan yi hushi ba. Amma kada ka ɗauki haushina ka kai shi rami. Ni niy yi laihin, kada ka hukunta kanka.

Ba ni iya bin ka cikin mota, ba ni iya riƙe maka ƙahwa. Kai da Allah ne a mararrabar nan. Na dai ce ma kawunka, da azahar shi kira wayar Luba. Magana biyu ce, ɗaya za shi hwaɗa: ya iso, ko bai iso ba. Ni daga tasha gidan Luba zan wuce, nan zan zauna.

Allah shi kai ku lahiya. Allah shi makantar da mugu daga motarku, shi riƙe hannun direba, shi tsare ku daga abin da ke cikin daji da abin da ke bisa titi. Allah shi buɗa maka abin da yar ruhe, shi sauƙaƙa maka abin da nin nauyaya maka. Allah shi jiƙan babanku da Lawali. Allah shi yi maka albarka, Sama'ila, albarkar da ba ta da sharaɗi, ko ta ina kab bi.

Amma ka bi yamma, ɗana. Ka bi yamma.

Wassalam.

Innarka.